Ta tambaye ni dalilin da ya sa na taimake ta, bakina ya mutu

Tambaya:

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni 'yar kasuwa ce a Jos, kusan duk wata nakan je Kantin Kwari a Kano sarin atamfa. A tafiyar da ta wuce motarmu ta lalace bayan mun bar Saminaka, muka yi kusan awa uku a bakin titi. Matar da ke kusa da ni tana goye da yaro mai gudawa da amai, kuɗin hannunta kuma na mota ne kawai. Na ba ta ruwa, na riƙe mata yaron, da muka isa Tudun Wada na biya mata kuɗin magani a kemis. Da za mu rabu sai ta kama hannuna ta ce, "Baiwar Allah, ba ki san ni ba, addininmu ma ba ɗaya ba, me ya sa kika yi min haka?" Bakina ya mutu, abin da na iya cewa kawai shi ne "ba komai." Tun ranar zuciyata ke zargina cewa na ji kunyar Ubangijina. A bara kuma na taɓa miƙewa na yi wa'azi a cikin mota, fasinjoji suka yi min ca, direba ya ce zai sauke ni. Yanzu na rasa tudun dafawa: in na yi shiru zuciya ta dame ni, in na yi magana rigima ta tashi. Yaya zan yi?

Amsa:

'Yar'uwa, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Ki fara sauke wannan nauyin daga ƙirjinki. Ki buɗe Luka 10 ki sake karanta labarin Basamariyen nan da ya tsinci mutum a yashe kan hanyar Urushalima zuwa Yariko. Ya zuba masa mai da ruwan inabi a raunuka, ya ɗaure, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya ba mai masaukin dinari biyu, wato ladan ƙwadagon kwana biyu, ya kuma ce zai dawo ya cika abin da ya ƙaru. Ki duba da kyau, babu inda ya yi wa majinyacin wa'azi, amma shi Yesu ya nuna ya ce a je a yi kamarsa. Abin da kika yi tsakanin Saminaka da Tudun Wada daga wannan gidan ya fito. Ba ki yi musun Ubangiji ba. Abu ɗaya ne ya kuɓuce miki: an yi miki tambaya, ba ki da amsa a hannu. Wannan kuwa yana gyaruwa, kuma a gida ake gyara shi, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Ayar da ta yi maganar halin da kika shiga ita ce 1 Bitrus 3:15. Ta ce mu zauna a shirye kullum mu ba da amsa ga duk wanda ya tambaye mu dalilin begen da ke cikinmu, ta kuma gindaya sharaɗi: da tawali'u da ladabi. Ki auna tafiyoyinki biyu da wannan ayar. A motar bara babu wanda ya tambaye ki komai. Mutane ne da suka biya kuɗin kujera, ba su da ƙofar fita, kika ɗora musu abin da ba su nema ba. Ko su Kiristoci ne zalla, wani zai ji haushi. A Tudun Wada kuwa matar ce da bakinta ta buɗe ƙofa. Wancan karon kin yi magana ba a tambaye ki ba, wannan karon an tambaye ki kin yi shiru. Ki juya su kawai.

Ga irin amsar da ta isa a ranar: "Ni mai bin Yesu Almasihu ce. Ya koya mana mu ƙaunaci maƙwabci kamar kanmu, ni ma kuma Allah ya yi min alherin da ban cancanta ba. In kin yarda, zan riƙa sa yaron nan a addu'a." Ko rabin minti ba za ta ci ba. Babu suka a ciki, babu gardama, kuma kin faɗi sunan wanda kike bi. Ki rubuta taki da kalmominki, ki maimaita ta da baki a ɗaki har ta zauna, ki gwada ta a gaban wata daga cikin zumuntar mata ta gaya miki inda ta yi tsawo. Mutane suna raina wannan gwajin, suna cewa ai Ruhu Mai Tsarki zai ba da magana a lokacin. Gaskiya ne yana bayarwa, amma Yesu ya ce Ruhun zai tuna mana da abin da ya faɗa, kuma abin da ya riga ya shiga kai shi ake tunawa. Bakin da bai taɓa furta magana ba, ranar da ido ya haɗu da ido shi ne yake sarƙewa.

Bayan wannan gajeriyar, ki tanadi ta biyu mai kamar minti biyu, saboda wanda zai ce "ci gaba, ina ji." Ki gina ta a kan abin da ya faru da ke: yadda kike a da, abin da ya kawo ki ga Almasihu, abin da ya canja. Makahon nan na Yohanna 9 da malamai suka tsare da tambayoyi cewa ya yi abu ɗaya ya sani, da shi makaho ne, yanzu yana gani. Mutum zai iya jayayya da koyarwarki, da wuya ya yi jayayya da labarin rayuwarki. Sai dai ki tace shi daga yaren cikin majami'a. "An wanke ni da jinin Ɗan Rago" magana ce mai daɗi a sujadar Lahadi, amma wadda ba ta taɓa shiga coci ba tunaninta zai tafi wajen yanka da tsafi. Ki ce, "Na gaskata Yesu ya mutu domin zunubaina, ya tashi, Allah kuma ya gafarta min." Kada ki ƙara wa labarin gishiri. In ba a taɓa warkar da ke ta hanyar mu'ujiza ba, kada ki aro ta wani. Cewa kin daina riƙon mutane a zuciya, ko kin samu kwanciyar rai bayan rasuwar wani naki, shaida ce cikakkiya.

Ayoyi kuma ba sai kin haddace hamsin ba. Huɗu ko biyar sun isa, waɗanda suka dace da inda kike haɗuwa da mutane: Zabura 121 ga matafiyi, Zabura 23 ga mai jinya, Matiyu 11:28 ga wanda duniya ta yi wa nauyi, Yohanna 3:16 ga wanda ya tambayi zuciyar bangaskiyarki. Ki sauke Littafi Mai Tsarki na Hausa a wayarki tun kina gida yadda zai buɗe ba tare da data ba, don hanyar nan ta Dajin Falgore akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa.

Yanzu jaka. Wasiƙar Yakubu ta yi tambaya mai zafi a sura ta 2: in ɗan'uwa ba shi da sutura ko abinci, ka ce masa ya tafi lafiya, ya ji ɗumi, ya ƙoshi, ba ka ba shi komai ba, ina amfanin? Tunda kina kan hanya duk wata, ki ware ƙaramar jaka wadda ba ta fita daga cikin babbar: ruwan leda huɗu, garin ORS (haɗin gishiri da sukari na mai gudawa) biyu ko uku, ƙaramin cokali da kofi, zani mai tsabta, bandeji, safar hannu ta roba, tocila, biskit, da 'yan canji da kika ware daban da jarin kasuwa. Ki yanke tun daga gida nawa za ki iya bayarwa a tafiya ɗaya ba tare da kin taɓa jari ba, kuma maigida ya san da shi. Wadda ba ta yanke ba, ko dai tausayi ya kwashe ta ta ba da abin da za ta yi nadama, ko tsoro ya hana ta ba da ko sisi.

Yaro mai gudawa irin wanda kika riƙe, abin da ke kashe shi ƙarewar ruwan jiki ne. Ki karanta jikin ledar ORS ɗin, yawancinsu a lita ɗaya ake damawa, wato ruwan leda biyu masu rabin lita. In babu shi, ki zuba sukari ƙaramin cokalin shayi shida a shafe da gishiri rabin cokali a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Kuskuren da aka fi yi shi ne cika gishiri, wanda ke ƙara wa yaron illa, don haka ki ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. A ba shi da cokali kaɗan-kaɗan. In ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba a hankali, uwa kuma kada ta daina ba shi nono. Amma in idanunsa sun faɗa, ko maɗigarsa ta lotsa, ko ya kasa sha, ko akwai jini a kashinsa, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, wannan ya wuce kemis, asibiti mafi kusa za a nufa. In jijjiga ta kama yaro, a kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai. In haɗarin mota kika tarar, ki sa safar hannu, ki danne inda jini ke zuba da zani mai tsabta na aƙalla minti goma ba tare da ɗagawa kina leƙawa ba, kada a ba wanda ya suma ruwa, kada a finciko wanda ake zaton ya ji ciwo a wuya ko gadon baya sai in wuta ce za ta ci shi. Lambar jami'an kiyaye haɗurra 122 ce, ta gaggawa ta ƙasa kuma 112. A asibiti, in aka ce sai an ajiye kuɗi kafin a duba wanda ke tsakanin rai da mutuwa, ki tuna musu cikin ladabi cewa sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana a ƙi ba da kulawar gaggawa. Maganin da likita ya rubuta miki kuwa ki bar shi a jakarki, ba ki san abin da jikin wani ba ya ɗauka ba.

Kin yi daidai da kika biya a hannun mai kemis maimakon ki miƙa tsabar kuɗi. Ki riƙe wannan a tasha ma, inda masu labarin "an yanke min aljihu" suke da yawa. Mai cewa yunwa, ki saya masa abinci. Mai cewa kuɗin mota, ki biya a hannun ɗan kamasho. Mai gaskiya zai yi godiya, mai damfara zai fara kawo dalilin da ya sa sai dai kuɗi. Kada ki bi kowa zuwa lungu ko cikin wata mota don za ki taimaka, a bainar jama'a ake yi. Wata rana duk da haka za a cuce ki, ki ɗauke shi cikin asarar hanya, kada ya sa ki rufe hannu gaba ɗaya.

Akwai wani abu da muke so ki riƙe da hannu biyu: taimakon kada ya zama ƙugiya. Da zarar mutum ya ji cewa ruwan da kika ba shi kuɗin sauraron wa'azi ne, ruwan ya zama bashi, maganar kuma ta zama talla. Mutanenmu suna da saurin gane wannan, kuma zargin da aka daɗe ana yi wa masu bishara ke nan, cewa suna sayen mutane da magani da abinci. Kada ki ba zargin abin kamawa. A Luka 17 Yesu ya warkar da kutare goma, ɗaya ne ya dawo godiya, bai kuwa janye warkarwar sauran taran ba. Ki gama taimakon tukuna, ya cika, ya zama ko ba a ce miki komai ba kin tafi da farin ciki. Kuma lokacin da uwa ke kallon ɗanta yana amai, kunnenta ba ya wajenki. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, kuma da suka buɗe baki ne suka ɓata.

In kina neman wanda za ki koyi shiga magana a wajensa, ki duba Filibus a Ayyukan Manzanni 8. A hanyar hamada mai gangarawa Gaza ya tarar da ma'ajin sarauniyar Habasha a cikin karusarsa. Ya matsa kusa, ya saurara har ya ji mutumin yana karanta littafin Ishaya, ya yi tambaya ɗaya: ko kana fahimtar abin da kake karantawa? Bai hau karusar ba sai da aka gayyace shi, da ya hau kuma daga ayar da mutumin yake kai ya fara. Matsowa, saurare, tambaya, jiran gayyata. Yesu kansa a bakin rijiyar Samariya da roƙon ruwa ya buɗe zance. A motar haya, wannan yana nufin gaisuwa ta mutunci, tambayar gida da yara, barin mutum ya faɗi damuwarsa har ƙarshe ba ki katse shi da aya ba. Kashi biyu cikin uku na hirar ya zama nata ne.

Addu'a ma da izini ake yin ta. "Zan iya yi miki addu'a?" In ta ce a'a, ki ce to, Allah ya ba shi lafiya, ki yi taki a zuci, fuskarki a sake. In ta ce e, ki yi ta a hankali yadda ku biyu ne kawai ke ji, jimla uku ko huɗu, kuma ki gaya mata tun farko cewa cikin sunan Yesu kike addu'a don kada ta ji an shammace ta. Ban da ɗaga murya, ban da dafa kan yaron mutane, ban da alkawarin cewa gobe zai warke. Ba ke ke riƙe da wannan ba, kuma in bai warke ba sunan da kika kira ne zai sha zargi.

Tunda yawancin waɗanda kike zama kusa da su a wannan hanyar Musulmi ne, ki san inda kuka haɗu da inda kuka rabu. Suna girmama Annabi Isa ɗan Maryam, sun yarda budurwa ce ta haife shi, sun yarda ya warkar da makafi da kutare da izinin Allah. Ba su yarda an gicciye shi ba, ba su kuma yarda a kira shi Ɗan Allah ba. In aka tambaye ki wannan na ƙarshe, kada ki ɓoye abin da kika gaskata, amma ki kawar da rashin fahimtar da ta fi yawa: babu Kiristan da ya ce Allah ya yi aure ya haihu kamar mutum, mu ma wannan saɓo ne a wurinmu. Ki ce Allah ɗaya muke bauta wa, Yesu kuma Kalmarsa ce ta har abada da ta zama mutum. In aka matsa da tambayar da ta fi ƙarfinki, "wannan sai na tambayi fastonmu" amsa ce mai mutunci, ta fi ƙirƙira.

Abin da ba za ki taɓa yi ba, ko an tsokane ki, shi ne faɗin wata magana a kan Annabinsu ko Alƙur'ani. In wani ya ce, "To ke me kika ce game da Annabinmu?" ki amsa, "Ni dai abin da na sani game da Yesu shi nake iya faɗa, addininku kuwa ku kuka fi ni saninsa," ki tsaya nan. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ki 'yancin bayyana addininki da yaɗa shi, amma dokokin hukunta laifuka sun haramta cin mutuncin addinin wani, kuma taron da ya fusata ba ya jiran kotu. Kisan da taron mutane ya yi wa wata ɗaliba a Sakkwato a watan Mayun 2022 daga saƙon murya a WhatsApp ya taso. Saboda haka in kika ga hira ta mutum biyu ta fara tara 'yan kallo, ko wani ya ɗaga waya yana ɗauka, ko muryoyi sun fara hawa, ki rufe zancen da fatan alheri ki koma kujerarki. Wannan ba jin kunyar bishara ba ne. Wanda ya aiki almajiransa kamar tumaki a tsakiyar kyarketai shi ne ya ce su yi wayo kamar macizai, su zama marasa ɓarna kamar kurciyoyi.

Ki yi tunanin lafiyar ita matar ma, don ke za ki koma Jos, ita za ta koma gidan miji. Ƙaramar takardar bishara ko Sabon Alkawari da aka gani a jakarta zai iya jawo mata abin da ba ki zata ba. Kada ki cusa mata a kaya. In ita ta nema, ki tambaye ta, "In aka gan shi a hannunki, ba matsala?" Lambar waya kuma ki ba da taki, ki bar ta ta kira in tana so, maimakon ki karɓi tata kina kira a lokacin da ba ki san wa ke kusa da ita ba. Ban da hoto a Facebook, kuma in za ki ba da shaida a coci ki cire suna da gari da duk abin da zai sa a gane ta. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, don haka ki tsaya a kan mata. In namiji ne yake son ƙarin bayani, ki haɗa shi da maigidanki ko wani dattijon ikkilisiya. Yaran mutane kuwa a taimake su, amma maganar addini da iyayensu ake yi.

Sau da yawa ma wadda za ki tarar Kirista ce da ta daina zuwa sujada saboda wani abin da aka yi mata a coci. Ita ba ta buƙatar a fara mata daga Littafin Farawa. Ki saurari ƙorafinta, kada ki kare wanda ya ɓata mata, kada kuma ki taya ta zagi, ki tambaye ta ko akwai wata ikkilisiya kusa da ita da za ta iya sake gwadawa.

In wata ta nuna da gaske tana son sanin Almasihu, kada ki yi gaggawar sa ta maimaita addu'a a tasha don ki samu labarin kaiwa gida. Mutumin da kika taimaka yanzun nan zai iya cewa "to" saboda kunya kawai. Ki ba ta Bisharar Luka ta karanta ko ta saurara, ki gaya wa fastonku a keɓe, a bar ta ta auna abin da zai biyo baya da hankalinta. Bulus ya ce shi ya shuka, Afolos ya yi banruwa, Allah ne ya sa girma. A haɗuwar awa uku a bakin titi, rabonki ba zai wuce ɗaya daga cikin biyun farko ba.

Game da matar Tudun Wada, mai yiwuwa ba za ku sake haɗuwa ba. Da ta ce addininku ba ɗaya ba, ta riga ta san ke wace ce, ta kuma san hannun da ya riƙe mata ɗa. Ki ci gaba da sa ta da yaron a addu'a. Kafin tafiyar wata mai zuwa ki haɗa jakar, ki rubuta jimlolin nan uku a bayan littafin lissafinki, ki karanta su sau ɗaya kafin mota ta tashi daga tasha.